Irin Geron Nomau

Ranar da alfadara ta yi sallama a ƙofar gidan Kofur Tunau, hantsi ne, hadarin farko ya fara haɗowa a gabas, mutanen Rafin Kanya kowa na gyaran sungumi. Sallama fa irin ta mutane, da gaisuwa da komai. Tsohon yana gindin rumbu yana tsince irin gero a faifai, ya amsa bai ko ɗaga kai ba, don ya zaci mai tallan kanwa ce. Da ya ɗaga, sai ya ga farin goshi, da kunnen hagu mai tsaga, da tabon wuƙa a maƙogwaro. Saura kaɗan faifan ya suɓuce masa.

Ya san tabon nan. Shekara hamsin da suka wuce, lokacin da Turawa suka kwashi samari zuwa Yaƙin Boma, Tunau na cikin masu jan alfadarai a dajin can, wannan kuwa ita ce tasa. Likitan soja ne ya yanke mata murya don kada ta yi kuka abokan gaba su ji, shi ya sa suke ce mata Bebiya. A gaban idonsa ruwa ya tafi da ita.

Ya ce, "Bebiya, ke ce, ko kuwa tsufa ne ya fara yi mini wasa?"

Ta ce, "Ni ce, ya Tunau ɗan Shekarau. An ara mini murya ta rabin yini, kada mu ƙarar da ita a gaisuwa. Nomau yana nan inda ka bar shi."

Nomau amininsa ne, Bamaguje, gonarsu na haɗe da ta su Tunau. Tare suka yi kiwon awaki, tare suka sha duka a kan gyaɗar mutane, tare kuma suka sa kaki. Ranar tafiya uwar Nomau, Inna Tarana, ta ɗura masa irin jan geronta a 'yar jakar fata, ta ce manomin da ke riƙe da iri bai rabu da gida ba. A can daji harsashi ya sami Nomau a cinya, ya jingina da wata babbar bishiya a bakin kogi, ya miƙa wa Tunau jakar ya ce, "Riƙe mini, kada jini ya ɓata ta." Tunau ya ce, "Jira ni in nemo masu ɗaukar marasa lafiya, yanzu zan dawo." Bai koma ba.

Tun da ya dawo gida yake shuka geron nan a ɗan fili bayan ɗaki. Duk ramin da ya jefa iri sai ya kira sunan Nomau. In ya nuna ya zaɓi iri ya adana, sauran ya bar wa tsuntsaye, ba wanda ya isa ya kai shi turmi. Matarsa Tabawa ta yi mita har ta gaji. Shekara arba'in da bakwai tana son filin nan don ta sa kuɓewa, ta kan ce ita kaɗai ce matar da ke zaman haƙuri da zangarniya.

Alfadara ta ce, "Wani tsoho yana zaune tare da abokinka, shi ke riƙe da hanya a buɗe. Yau kafin rana ta raba tsaka zai yi tafiyar da ba dawowa. In ya tafi hanya ta rufe, Nomau kuwa zai zauna cikin yunwarsa har duwatsu su zama gari. Ɗauko irin duka, kada ka bar ƙwaya."

Tunau ya juye faifai a tsohuwar jakar. Murna da kunya suka haɗe masa a ƙirji. A ransa ya riga ya gama shiri: zai goyo Nomau, ya kawo shi gida, su yi shukar bana tare.

Daga madafa Tabawa ta ɗaga murya, "Kofur, da wa kake ta surutu?"

"Tsohuwar abokiyar aiki ce."

"To ka ce ta shigo ta sha ruwa mana, ko a Boma ba a koya muku ba?"

Bebiya ta durƙusa, ya hau, ta sa kai a bakin rumbun da ko akuya ba ta shiga sai da dabara, sai ga su a wata duniya.

Gona ce ba iyaka, kunya bayan kunya har inda ido ya gaza. Ba manomi ko ɗaya, amma tsiro na fitowa ta ko'ina, wani ya yi fure nan take, wani ya yi ƙaya. A tsakiyar hanya wani ƙaton aljani ya tsaya, kansa na gogar gajimare, gemunsa na harawa, a kafaɗarsa garma mai baki bakwai.

Ya ce, "Tsaya, bil'adama! Ni ne Sarkin Noman wannan gona. Ba na shuka, ba na girbi, tsaro kawai nake yi. Duk abin da mai rai ya aikata da niyya, nan yake tsirowa. Ba mai wucewa sai ta cikin kunyarsa."

Kunyar Tunau ba ta da laifi da farko. Ga 'yar dawa ta ranar da ya ciro ɗan maƙwabci daga rijiya, ga ƙaiƙayi kaɗan na gyaɗar da suka sata. Amma can gaba wata sarƙaƙƙiya ta tare hanya, ƙayarta kamar tsinken tsire. Sojan ya motsa a jikin tsoho. Ya zaro wuƙa ya kai mata sara, reshe biyu suka fito a gurbin ɗaya. Ya ƙara, suka zama huɗu, ɗaya ya naɗe masa ƙafa har jini ya fito.

Bebiya ta ce, "Ci gaba da fushi, taki kake zuba mata."

Aljani ya sunkuyo ya ce, "Wa ya shuka wannan? Ka yi tunani kafin ka amsa, don ƙarya a nan tana tsirowa kafin a rufe baki."

Tunau ya sauke wuƙar. Ya tuna ranar da ya tsaya gaban Inna Tarana da kakinsa, ta riƙe masa hannu tana tambaya. Ya ce mata a kan cinyarsa Nomau ya cika, har ruwa ya ba shi. Ta sa masa albarka, kuma har ta mutu duk kaka sai ta aiko masa da kaza.

Ya ce, "Ni na shuka ta, ranka ya daɗe. Ban je neman taimako ba. Da na ji harbi na faɗa kogi na tsere, na kuma yi wa uwarsa ƙarya, na ci kajinta shekara goma sha tara."

Ƙayar ba ta bushe ba, ba ta kuma ɓace ba. Sassautawa kawai ta yi, ta bar 'yar kafa. Aljani ya ce, "Abin da aka shuka an shuka, sai ya nuna. Amma yau ba ka ƙara mata ko ƙwaya ba. Wuce." Suka wuce, ƙaya na yagar rigarsa.

Ba su yi nisa ba suka iso wani birni da ke juyawa a hankali kamar mazari, ƙofofinsa shida. Ta wata ƙofa ana jin kiɗa, ta wata ana jin ihu, ta wata kukan dabbobi. Halittu na shiga ta nan su fito ta can da wata kama: sarki ya shiga ya fito ƙwaro, ƙwaro ya shiga ya fito jariri.

Bebiya ta ce, "Birnin Juyi ke nan. Ni kaina na bi ƙofofin nan har na manta adadi. Na yi sarauniya, na yi kwaɗo, na yi alfadarar soja, kuma in gaya maka gaskiya, sarautar ta fi wahala. Dole mu ratsa ta ciki. Kada ka zauna, kada ka sha komai."

Tunau ya ɗaure fuska, yana jiran dodanni. Da dodanni ne da ya ji sauƙi. Suna shiga sai ga Rafin Kanya, ba ta yanzu mai rufin kwano ba, ta da. Ga kanyar da aka sare tun zuwan titi, tana nan da inuwarta. Ga rafi cike da ruwa, mata na wanki suna guɗa. Kaka ce, dammuna jingine ko'ina, Ɗan Mairo makaɗi na gwada kalangu, ƙamshin tumu ya cika gari. Ya dubi hannunsa, ba tamoji ko ɗaya. Gwiwar da ta hana shi sakat shekara goma ta yi shiru.

Sai ya ji an ce, "Ɗan nan, ina ka shiga tun safe? Zo ka sha, na dama da nono mai kauri yadda kake so."

Uwarsa ce, zaune a kan turmin da aka kifa, da ƙwaryarta mai ɗinki a gefe. Kai, duk wanda ya ce shi ba zai sauko ba, bai binne uwa ba. Tunau ya diro daga kan alfadara, hawaye na zuba, ya durƙusa gabanta. Kewar da ya danne shekara da shekaru ta taso masa gaba ɗaya. Ya karɓi ludayi.

Ta ce, "Ɗan nan, ina ka shiga tun safe? Zo ka sha, na dama da nono mai kauri yadda kake so."

Ya tsaya. Ɗan Mairo ya sake buga kiɗan da ya buga ɗazu, ya sake kuskure a wuri guda. Wata mata ta sake yar da sabulun salo a ruwa, aka sake yi mata dariya.

Daga nesa Bebiya ta ce, "Zagaye na bakwai ke nan kana durƙushe, rana kuwa ba ta jiranka."

Bai ji ta sosai ba. Abin da ya tashe shi tabarma ce. A gindin kanya, inda shi da Nomau kan zauna su raba tumu, tabarmar na nan a shimfiɗe, ba kowa a kai. Ya ajiye ludayin a hankali cikin ƙwarya. Ya ce, "Inna, ki gafarce ni, an aike ni." Ta yi masa murmushi, ta fara faɗin maganarta karo na takwas. Ya hau alfadara ya rufe ido, bai buɗe ba sai da kiɗan ya daina zuwa kunnensa.

Da ya buɗe, sai ga kogin. Shi ne dai, jan ruwa mai kumfa, yana tafe da itatuwa. Wata 'yar ruwa ta ɗago kai, gashinta ya rufe rabin kogi, idanunta kore.

Ta ce, "Na gane ka, ɗan baƙar ƙasa. Ka taɓa ƙetare ni da gudu. Dokata ɗaya ce: wanda ya shigo da hannu a dunƙule, nawa ne."

Tunau ya dubi jakar irin da ya damƙe. Ya dubi ruwa. Sai ya yi abin da kowane Bahaushe ke yi da goro da takardar asibiti: ya cire hula, ya juye irin a ciki, ya kafa ta a kai, ya jefar da jakar, ya buɗe hannu biyu.

'Yar ruwa ta tuntsire da dariya har kogi ya yi ambaliya. Ta ce, "Hannu a buɗe, kai a dunƙule! Wuce, ba ni zan kwance wannan ba."

Duk da haka ƙetarewar ba wasa ba ce. A tsakiya igiyar ruwa ta raba shi da bayan Bebiya, ya nitse sau biyu, hannunsa na neman abin kamawa, duk sanda ya dunƙule sai ya ji ana jan ƙafarsa ƙasa. Da ƙyar ya saki jiki, ruwa ya tofar da shi a gaɓa. Alfadara na tsaye a cikin ruwa, ba ta fito ba. Ya kama ragamarta yana ja.

Ta ce, "Sake ni, Tunau. Nan aikina ya ƙare."

"Haba Bebiya, a yar da wanda ya yi maka rana?"

"In ka ƙetare da kwalekwale, a kai kake ɗaukarsa ka shiga gari? Muryar da aka ara mini ta kusa ƙarewa, bari in kashe sauran a kan abin kirki. Ka kyautata mini a dajin nan, kana ba ni rabin gishirinka. Na gode." Ya saki ragama. Ta buɗe baki ta yi kukan alfadara, mai ƙarfi, wanda aka hana ta yi tun tana da rai, sannan hazo ya rufe ta.

Bishiyar na nan yadda ya bar ta, saiwoyinta na saukowa daga rassa. A gindinta wani tsoho ne zaune ya tanƙwashe ƙafa, kansa a aske, ya yafa mayafi ruwan ɗorawa, gabansa baƙar tasa ta ƙarfe da 'yar wuta a tsakanin duwatsu uku. Kusa da shi kuma wata halitta ce a jingine. Ciki kamar rumbu, wuya kamar karan gero, baki kamar kafar allura. Amma fuskar ta saurayi ce ɗan shekara ashirin da biyu, da tsagar gidansu a kumatu, da ragowar kaki a kafaɗa.

Nomau ya ce, da 'yar siririyar murya, "Tunau? Ka daɗe fa. Ina masu ɗaukar marasa lafiyar? Kai, me ya sami kanka ya yi fari haka?"

Tunau ya zube ƙasa. Ya faɗa masa duka, yadda ya faɗa wa aljani, har da kajin. Bai rage ba, bai kuma nemi uzuri ba.

Hayaƙi ya fara fita daga bakin Nomau. Cikinsa ya yi ja kamar garwashi, ganyen bishiya suka fara ƙonewa. Ya ce, "Ina nan ina ƙirga inuwa! Duk motsin ganye in ce kai ne. Duk shekara in ji ƙamshin geron Inna, in ji kana kiran sunana, in yunƙura in kasa. Ashe kana can kana cin kaji!"

Tsoho mai mayafi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Nomau, dubi zafin nan. Wa yake ƙonawa yanzu, shi ko kai?" Nomau ya yi ta huci, har jan ya fara raguwa.

Tunau ya share fuska ya ce, "Baba, na zo in gyara. Ga irin na kawo. In goya shi mu tafi gida, in kuma bai iya tafiya, in shuka masa a nan ya ci ya ƙoshi."

Tsoho ya ce, "Zauna, baƙo. Ni almajirin tafarkin Buddha ne, babban malamin mutanen ƙasar nan. Na tarar da abokinka a nan ina saurayi, na zauna kusa da shi. In ka shuka masa, zai ci, amma ƙwaya ɗaya ce kawai za ta wuce ta bakin nan, sai yunwar ta ninka, ya koma jiran wata kaka. Mu a wajenmu, aikin da aka yi da niyya kamma muke ce masa, iri ne. Amma iri ba ya tsirowa sai da ruwa, ruwansa kuwa ƙishirwar zuciya ce: a ba ni, a mayar mini, kada a raba ni da shi. Abokinka ya mutu yana ƙishirwar gida, ita ta haife shi a wannan kama. Kai kuma duk damina sai ka yi masa ban ruwa."

Maganar ta soki Tunau fiye da ƙayar ɗazu. Shekara hamsin yana ganin amana yake riƙewa.

Ya ce, "Baba, ni Musulmi ne. Mu a wajenmu mutuwa ɗaya ce, sai tashin ƙiyama."

"Ban ce ka bar hanyarka ba, ba kuma gardama ta tara mu ba. Ga abokinka, ga yunwarsa. Kai manomi ne, wane iri ne ba ya tsirowa ko an yi masa ruwan kwana bakwai?"

Tunau ya dubi 'yar wutar da tasar tsoho. Ya ce, "Soyayye." Sai ya dafe hularsa da hannu biyu. "A'a! Wannan kam a'a. Manomi ba ya soya iri ko yunwa za ta kashe shi. Shekarar fari mun ci ganye, mun ci dusa, ban taɓa shi ba. Duk ƙasarmu ba sauran mai jan geron Inna Tarana sai ni. In ya ƙare, me ya rage na Nomau? Ni kuma in ruwa ya sauka, me zan tashi in yi?"

Tsoho ya ce, "Tambayar ƙarshen nan ita ce ta gaskiya. Ba kai za ka soya ba, ba wanda ke soya wa wani. Ni ma da ana yi, da na yi masa tun tuni. Naka kawai ka mayar da abin da aka ba ka ajiya." Ya ɗaga kai ya dubi rana. Inuwar bishiya ta kusa tattaruwa a gindinta.

Tunau ya daɗe yana kallon abokinsa. Sannan ya cire hular, ya juye ta a tafin Nomau.

Nomau ya sunsuna geron. Ya ce, "Inna fa?"

"Shekara talatin da ɗaya da rasuwarta."

"Kanyar dandali?"

"An sare. Titi ya bi ta wurin."

"Rafi? Ɗan Mairo? 'Yar Baraka da ta ce za ta jira ni?"

"Rafi sai damina. Ɗan Mairo ya mutu. Baraka ta yi jira shekara uku, yanzu jikokinta sun fi ashirin, ba haƙori ko ɗaya a bakinta."

Sai Nomau ya yi wani sauti, Tunau ya zaci kuka ne, ashe dariya ce ke neman hanya ta kafar allura. Ya ce, "Baraka ba haƙori! To ni ina nake ta shirin komawa?" Ya dubi geron, ya dubi farin kan abokinsa. "Kai ma ashe jiran kake yi, Tunau. Ni a gindin bishiya, kai a bayan ɗaki. Da ni ne na ji harbin nan, wa ya sani ko da na fi ka gudu. Baba, ara mini tasarka."

Ya ɗora tasar a wuta da hannunsa, ya zuba irin, yana juyawa da ɗan tsinke. Geron ya fara tsalle yana fashewa. Ƙamshi ya tashi, ƙamshin kakar Rafin Kanya sak, Tunau ya kasa riƙe kuka. Yana kallo cikin Nomau ya saɓe, wuyansa ya cika, bakinsa ya dawo bakin nan mai yawan tsokana. Ga abinci a gabansa bayan yunwar shekara hamsin, amma bai kai baki ba. Ya ɗebi rabi ya miƙa wa tsoho da hannu biyu, ya zuba sauran a aljihun Tunau.

Ya ce, "Ka kai wa mutanen gida. Kada ka ƙara kirana, aboki, ni ma ba zan ƙara jiranka ba." Ya miƙe a kan ƙafar da harsashi ya karya, ya yi miƙa, sai wurin ya zama ba kowa.

Tunau ya ce, "Baba, ya tsira ke nan?"

Tsoho ya ci geron nan a natse, ya ce, "Ya fita daga wannan yunwa. Da sauran tafiya a gabansa, amma da ƙafarsa zai yi ta, kuma ba ya ɗauke da kaya. Ni ne tawa ta ƙare. Tsohon iri ya gama nuna, sabo kuwa ban shuka ba. Wannan muke kira nibbana, wato mutuwar wutar ƙishirwa."

"To ina za ka?"

Tsoho ya nuna murhu. Itacen ya cinye, harshen wuta na ƙarshe ya yi rawa ya kwanta. Ya ce, "Ka fi shekara saba'in kana hura wuta. In ta gama da itacenta, wane gari take tafiya?" Ya lumshe ido. Rana ta raba tsaka.

Ɗigon ruwa ne ya faɗo wa Tunau a goshi. Yana gindin rumbunsa, rigarsa a yage, ruwan farko na sauka, ƙasa na ƙamshi. Ta bayan danga ana jin maƙwabta na kiran yara su fito da sungumi. Tabawa ta fito da gudu tana kwashe shanya.

Ta ce, "Kofur, ina ka shiga, wa ya yaga maka riga? Ga ruwa ya sauka, ina irin mutumin naka?"

Ya sa hannu a aljihu ya zuba mata a tafi. Ta duba, ta sunsuna, ta dube shi. Ba ta ce komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun aurensu. Suka zauna a ƙofar ɗaki suna ci, ruwa na zuba daga indararo. Ashe geron da daɗi haka, shekara hamsin bai sani ba.

Ta ɗauki hularsa za ta matse, sai ta tsaya. Ta sa farce a cikin ɗinki ta ciro ƙwaya ɗaya, ja, ɗanya, wuta ba ta taɓa ta ba. Ta ɗora masa a hannu.

Ga fili can bayan ɗaki ya sha ruwa ya yi laushi, taku goma ne. Ƙwaya ɗaya zangarniya ce, zangarniya ɗaya kuwa gona ce. Sunan ya taho har bakin harshensa. Ya daɗe yana juya ta da yatsa, ya ji son ta har cikin ƙashi.

Sannan ya jefa ta baki, ya nemo turmin haƙori ɗaya da ya rage masa, ya fasa ta.

Ya ce, "Tabawa, irin kuɓewar nan taki, yana nan ko ƙwari sun cinye?"